Iskarmu Ta Ci Jarrabawa

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Na ji Auta yana son biyo ni masana'antar narka dalmar nan. Ni lafiya lau nake, in ka cire tarin da ya ƙi jin magani.

Kwanan baya masu binciken gurɓatar iska suka zo, kowa da takunkumi a hanci. Kafin su iso aka kashe wuta, aka raba mana tsintsiya. Suna fita aka sake kunnawa. Na karanta rahotonsu, rubutu mai daɗi: ashe iskarmu ta fi ta asibiti tsabta!

Don girman Allah ka hana Auta zuwa. Ƙirji ɗaya ya isa gudummawar gidanmu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka