Kofi na Goma Sha Biyu

Mararaba,
Talata, 8 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanena Abdulbasit,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Mashkura da yara. Inna ta bugo daga Zariya ranar Asabar, lafiyarta ƙalau sai gwiwar nan tata. Ta ce in ja maka kunne, ta kwana biyu ba ta ji muryarka ba.

Sau uku na kira ka jiya wayarka a kashe. Na san a bakin ƙofar ma'aikata ake karɓe muku ita, shi ya sa na rubuta, zan ba direbanku Bernard idan ya zo ɗaukar kaya. Maganar ma ba ta waya ba ce.

Ka san farar robar nan mai laushi da muke aiko muku. Wani mutum ne, Ɗangoggo, yake kawo mana ita a buhuna tun watan Janairu, a yayyanke, mu wanke, mu shanya, mu niƙa. Ita ma'aikatarku ta fi so, saboda ita ne ma na ƙara mata goma a filina, suka zama talatin da huɗu.

Jiya da hantsi Rukayya, mai goyon nan da ke zama kusa da famfo, ta tura hannu a buhu sai ta zare shi da sauri. Allura ce ta shige mata a gindin babban yatsa. Mata suka hau tsokanarta, wai ko tela ne ya aiko mata da saƙo. Glory kaɗai ba ta yi dariya ba, don ta taɓa aikin shara a asibiti. Ta ce, "Mama Lantana, wannan ba allurar ɗinki ba ne. A juye buhun."

Muka juye. Shi wannan ba a yanka kayan cikinsa ba, da alama kuskuren haɗo shi aka yi. Ledar ƙarin ruwa, sirinji, siririyar robar da ake jona wa mara lafiya a jijiya, wata har da busasshen jini a ciki. Na ɗebo guntaye daga sauran buhunan na gwada, iri ɗaya ne sak. Wata shida ke nan muna wanke sharar asibiti da hannu tsirara, yaranmu suna rarrafe a gefen baho.

Na kai Rukayya asibiti. Sun ɗora ta kan maganin kwana ashirin da takwas, sun ce gwajin jiya ba zai nuna komai ba, sai an sake bayan wata uku. Abu ɗaya ta tambayi likita: ko za ta ci gaba da ba jaririnta nono. Mijinta bai sani ba tukuna.

Na tsayar da farar. Galan da gora ne kawai a motar Bernard yau. Ka samu manajanku kafin ka tashi, lodi biyu na ƙarshe da na aiko kada a zuba su a inji. Kuma ka faɗa mini, me kuke ƙerawa da ita?

Ka gaida Mashkura.

Yayarka,
Lantana.

Idu,
Alhamis, 10 ga Yuli.

Yaya Lantana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Allah Ya ba Rukayya lafiya, Ya sa ba a samu komai ba.

Ina roƙonki ki kwantar da hankalinki, mu ɗauki abin daki-daki. Injinmu yana narkar da roba a zafin da ya haura digiri ɗari biyu. Babu ƙwayar cutar da za ta rayu a wannan zafin. Saboda haka abin da ya fito daga inji ba shi ɗauke da cutar kowa. Haɗarin yana wurin wanki ne, kuma shi yana da magani: na ba Bernard safar hannu masu kauri guda arba'in da dogayen takalman roba. Kada kowa ta sake tura hannu a buhu, a riƙa zazzagewa a ƙasa ana bi da manjagara.

Ɗangoggo kuma ba daga asibiti yake ɗaukowa kai tsaye ba. A hannun masu kwangilar kwashe shara yake saye, kuma yana da yaran da ke cire allurai kafin a yanka. Buhu ɗaya ne ya kuɓuce musu.

Game da abin da muke yi da ita, kayan amfanin gida ne iri-iri.

Yaya, na san halinki tun kina koyarwa, ba kya ganin ɓarna ki yi shiru. Amma kafin ki nufi hukumar muhalli ki tuna mutum ɗari uku da wani abu ne ke aiki a nan. Ban ƙirga masu abincin bakin ƙofa ba, da masu Keke, da masu gidajen hayar Karmo, da filaye irin naki da ke kawo mana kaya daga Nyanya da Masaka. Ma'aikatar katifar da ke kusa da mu da aka rufe bara, har yau ciyawa ce a harabarta. Idan aka garƙame mu, matanki talatin da huɗu su ne farkon komawa bin bola.

Ki ba ni lokaci in bi ta cikin gida. Zan kira Inna ranar Lahadi in sha Allah.

Naki ƙane,
Abdulbasit.

Mararaba,
Talata, 15 ga Yuli.

Abdulbasit,

Salam. Ina fata kuna lafiya. Safar hannu sun iso, suna nan a kwalinsu.

Sau uku na karanta takardarka ina neman layin da ka yi mamaki. Ban samu ba. Na ce maka hannuwan mata talatin da huɗu sun yi wata shida a cikin sharar asibiti, kai kuma ka ba ni lissafin zafin inji.

Sannan ni ban faɗa maka inda Ɗangoggo yake samo kayansa ba, don ni kaina ban sani ba. Ban san yana da masu cire allura ba. Kai a ina ka sani?

Ranar Juma'a na zaunar da Bernard na zuba masa shinkafa. Yana cikin ci na ce, farar nan me ake yi da ita a wurinku? Ya ce, "Haba Madam, ke ba ka sani ba? Ita ce kofi na yara, da cokali, da faranti mai hoton zomo. Oga ya ce fari yana karɓan kala da kyau." Na ce, wane ogan? Ya ajiye cokali ya ce shi direba ne, tuƙi kawai ya iya, kuma shinkafar ta yi yaji.

Bayan tafiyarsa na zauna, sai wani abu ya dawo mini. Ranar sunan Ameer, a watan Mayu, a gidanka. Maimunat ɗinka ta ɗauki kofin robar wata baƙuwa za ta sha kunu, Mashkura ta taso daga kan katifa, da jegonta, ta fizge shi. Muka yi mata dariya, na ce, "Matar injiniya, an fara yanga ke nan?" Ta ce, "Yaya, Abbansu ne ya hana." Na shiga kicin ɗinku ranar. Kwanon silba, kofin tangaran, cokalin ƙarfe. Gidan mutumin da ke kwana yana tashi da roba, babu kofin roba ko ɗaya. A lokacin na ɗauka gayu ne.

Kuma kai ne da ƙaramar Sallah ka aiko mini da kwalin kofuna goma sha biyu, masu kala, da tambarin ma'aikatarku a gindi. Jikokina da su suke shan shayi kullum.

Tambaya biyu zan yi maka, kuma ba na son jin digiri. Tun yaushe ka sani? Wa ya nuna wa Ɗangoggo filina, alhali akwai filaye sun fi ashirin tsakanin nan da Masaka?

Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba. Ka rubuta, ina so in gani da hannunka.

Lantana.

Idu,
Alhamis, 17 ga Yuli.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba.

Ni ne na ba Ɗangoggo kwatancen filinki.

A watan Disamba manaja ya kira mu uku ofis. Ya ce sabuwar roba ta yi tsadar da ba za mu iya riƙe layin kofuna da ita ba, kuma an samo wata fara mai araha. Amma ba za ta shigo ƙofarmu a yadda take ba, saboda masu bincike suna leƙowa. Idan aka wanke ta aka niƙa a waje, ta zo a matsayin ɓarzajjiyar roba, babu mai tambayar asalinta. Ya ce wa ya san filin da ake wanki mai kyau? Na ce yayata.

Wallahi, Yaya, a ranar gani nake alheri na yi miki. Kin sha gaya mini gora da galan ba sa riƙe fili. Na koma gida ina jin daɗi. An ce mini ana cire allurai, na yarda, domin ina so in yarda. Ban taɓa zuwa na ga yadda ake cirewar ba.

Abin da na rubuta miki kan zafin inji gaskiya ne, amma rabinta na faɗa. Zafi yana kashe ƙwayar cuta. Ba ya mayar da robar da ba a yi ta don abinci ba ta zama ta abinci. Kuma ban san wane irin magani ne ya zauna a cikin ledojin nan ba, ban san ko wani abu yana fita idan an zuba ruwan zafi ba. Ba a taɓa gwadawa ba. Na nemi a gwada sau ɗaya, manaja ya ce in ina da kuɗin ɗakin gwaji in biya. Don ban sani ɗin ba ne na kwashe robobin gidana.

Kwalin Sallah kuma, kowane ma'aikaci aka ba ɗaya. Ban so ya shiga gidana ba, kuma ba zan iya jefar da shi a gaban mutane ba. Bernard yana tsaye zai tafi Mararaba, sai na ji bakina ya ce ya kai miki. Na yi niyyar in bugo in ce kada ki yi amfani da su. Da na faɗa za ki tambayi dalili. Sai na bari zuwa gobe, har yau.

Lodi biyun da kika ce a tsayar, an zuba su tun ranar Laraba. Ni ne a kan injin.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ki faɗa mini halin da Rukayya take ciki.

Abdulbasit.

Mararaba,
Juma'a, 18 ga Yuli.

Abdulbasit,

Bernard yana jirana a mota, ba zan tsawaita ba.

Rukayya maganin yana sa ta amai, amma tana sha. Ta faɗa wa mijinta. Ya zo nan jiya, bai ɗaga murya ba, ya tsaya yana kallon buhunan ya ce, "Hajiya, wa ya kawo muku wannan?" Na ce ina bincikawa. Yanzu na samu amsar da zan ba shi.

Na tara mata na gaya musu an gama da farar, kuma goma a cikinsu ba ni da aikin ba su. Serah ta ce a ba ta safar hannun ta ci gaba, yaranta ba gaskiya suke ci ba. Duk abin da ka lissafa na Karmo da masu Keke na sani, ina ganin irinsa a fuskokinsu.

Ranar Laraba zan je hukumar muhalli da buhun nan. Buhu kaɗai zai nuna cewa ni da matana ne masu wanke sharar asibiti, a nan maganar za ta tsaya. Takardun da ke nuna wane lodi ya shiga wane inji, ya fito a matsayin me, suna hannunka. Ka san abin da hakan zai jawo maka. Ba zan roƙe ka ba.

Ga kwalinka nan na mayar. Ka ƙirga, goma sha ɗaya ne. Da na je Zariya bayan Sallah na kai wa Inna ɗaya. Da shi take shan kokonta kowace safiya, da zafinsa. Ta ɗora shi a kan taga, duk baƙon da ya shigo sai ta juya gindinsa ta nuna masa tambari ta ce, "Aikin Abdulbasit ɗina ne, a Abuja." Na sa an ɓoye shi jiya ta waya, ta tayar da gidan har aka fito mata da shi.

Ni ba zan karɓe shi daga hannunta ba. Kai za ka je, kuma za ta tambaye ka dalili.

Lantana.

Idu,
Litinin, 21 ga Yuli.

Yaya,

Assalamu alaikum.

Takardun suna cikin wannan ambulan, shafi goma sha tara, daga Janairu zuwa makon jiya. Sa hannuna yana kan kowanne. Bernard bai san abin da ya ɗauko ba, kada ki sa sunansa.

Na yanki tikitin jirgin ƙasan Kaduna na gobe da safe, daga can zan hau mota zuwa Zariya. Na saya wa Inna kofin tangaran a kasuwa. Tun jiya nake shirya abin da zan ce mata, ban wuce "Inna" ba.

Kada ki bugo mata kafin in isa. Idan na dawo ranar Laraba, a ƙofar hukumar za ki same ni. Ki ce wa mijin Rukayya zan zo gidansa da ƙafata.

Ƙanenki,
Abdulbasit.