A Duba Haƙori Kafin A Saya

Maigatari, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Abdulganiyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da maiɗakinka A'i da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a wannan hayaniya ta Legas. Mu nan lafiya lau. Riɗi ya yi kyau bana, gwaggonka Kyauta ta samu sauƙin ƙafarta har tana zuwa unguwa Gagarawa. Ƙanwarka Mansura ce ke rubuta mini takardar nan, tana ta dariyar yadda nake faɗin sunayen kayan.

Dalilin takardata ƙanenka Anas ne. Ka san tun da ya gama karatu yake zaune, sai ya dage zai buɗe shagon wasan kwamfuta a Gumel, samari su riƙa buga ƙwallo suna biya. Ban so ba, amma zaman banza ya fi ba ni tsoro, don haka na sayar da jan bijimina na ce ya haɗa kwamfuta guda ɗaya ya gwada. Bijimin kuwa ɗaya ne, babu na biyu. Yanzu an tsaya a kan abin da yake kira furosesa, wai ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Wani mai shago a Kano ya ba shi shawarar sabuwar Ryzen 5 a kwalinta, wai tana fitar da hoto da kanta, ba sai an sayi katin hoto yanzu ba. Har mun kusa shiryawa sai ga wani Ya'u ya ɓullo ranar kasuwa, ya ce ya shigo da wata furosesa mai suna i7 daga Damagaram a rabin kuɗin waccan, wai ko yaro ya san bakwai ta fi biyar. Nan take Anas ya rikice.

Ni ban san kwamfuta ba, amma shekara talatin ina dillancin shanu a kara, na san idon mai son rabuwa da kaya da wuri. Na karɓi abar na juya ta. A ledar burodi Ya'u ya ƙunso ta. Gefenta akwai sauran busasshen farin mai, alhali ya rantse sabuwa ce fil. Bayanta kuma ya yi sheƙi fiye da kima, kamar an goge an sake rubutu, ni kuwa na sha ganin tsohon sa da aka kankare wa ƙaho aka shafa masa mai. Na ce a kai ta wurin mai gyara a Gumel a dasa ta a kunna mu gani. Ya ce wai ba a yanka rago kafin a saye shi. Na ce gaskiya ne, amma ana buɗe bakinsa a duba haƙori. Na tambayi shekarar da aka ƙera ta, ya koma yi mini zancen tsadar sefa, kuɗin Nijar. Na tambaya ko za ta jure zafinmu na bazara, ya ce in bar wa Allah. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ya ce kai ka koya masa sana'a a Legas, kai ka ce ya neme mu. Da na tambayi sunan unguwarku sai ya ce ana kiransa a waya. Ni dai maganar ba ta kwanta mini ba.

Na ƙi sakin kuɗin, Anas ya yi fushi, ya ce ina auna kwamfuta da ma'aunin shanu. Yau kwana uku yana gaishe ni daga bakin ƙofa, ba ya zama mu ci tuwo. Wallahi abin ya yi mini ciwo, domin gara in rasa bijimi da in ga ya buɗe shago ya rufe cikin wata guda, garin yana kallo.

Ya'u ya ce Alhamis zai dawo. Mansura ta ɗauki hoton abar gaba da baya, za ta turo maka tare da takardar nan. Ka duba mini haƙorinta, ka faɗa mini shekarunta, ka kuma faɗa mini ko ka san mutumin. Kada ka rufa mini asiri don ni baffanka ne. In ka ce lafiyayya ce, zan saya, in ba Anas haƙuri a gaban uwarsa. In kuwa ka ce tsohuwa ce, kada ka kira ni, shi za ka kira, domin yanzu maganarka ta fi tawa shiga kunnensa.

Ka gaida A'i da Muhsina da ƙaramin Siddiq. Kyauta tana gaishe ku, ta ce a turo mata hoton yaran.

Baffanka mai jiran amsarka kafin Alhamis,
Ɗantsoho Dillali