Man Keken Ɗinki a Birkin Sani

Daren Laraba, watan Rajab, unguwar Sersouf, Tamanrasset

Allah ka yafe mini, yau na yi abin kunya. Ɗana Sani ya leƙo gida tsakanin tseren Faransa da na Suwis, inda suke gangarowa daga duwatsu a kan keke. Jiya da ya dawo daga hanyar dutsen Assekrem na ji birkinsa yana ƙara. Da asuba na ɗauko man keken ɗinkina na ɗiga a faifan ƙarfen da birkin ke kamawa, har da bismillata. Ni a ganina hidima nake yi masa.

Da hantsi ya hau, ya matse birki, keken bai tsaya ba sai a katangar maƙwabta. Gwiwarsa ta kumbura.

Na ce, "Ni ce, Sani."

Ya ce, "To Inna, ƙarar dai ta daina." Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Babu irin birkin nan a duk Tamanrasset, ga jirginsa gobe, tsere ranar Asabar. Ɗazu na same shi tsakar gida yana goge faifan, yana ɗingishi. Na ce in riƙe masa fitila. Ya miƙo mini, ya ce, "Hannunki babu mai ko?"