Wayar shanya

Yaya Ruwaida,

Na wuce unguwar Gbégamey kafin ki tashi. Ki yi haƙuri, ni na kwance wayar shanyarki, na ƙara wa eriyar rediyona tsawo har kan mangwaro. Wata shida shuu kawai nake ji. Yau da asuba, kafin Baba ya kamo labarin taron ƙasa, sai ga muryar wani tsoho daga Kanada, tar, yana gaya wa abokinsa ta rediyon oba-oba tafkinsu ya daskare.

Na ɗaura miki igiya. Don Allah kar ki sauke wayar. Ƙarfen da na kafa a gindin bango, ki zuba masa ruwa, in ƙasar ta bushe muryar ɓacewa za ta yi. Tsohon ya ce gobe zai dawo.

Abdulƙahar