Hancin Mai Turare

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin gwiwa, matata tana nan da surutunta, auta ya fara tafiya.

Kin san haɓon nan da nake fama da shi tun muna yara. Bana ya matsa, har ina cikin zuba wa wata mata turare jini ya ɗiga mata a mayafi. Sai na je asibiti. Likita ya leƙa da fitila, ya ce jijiyoyi ne suka fito fili a hanci biyun, za a ƙona su. Ba wuta ba ce, Yaya, wani tsinke ne mai magani a kai, a fesa maka abin kashe zafi a dangwala. Ya ce gefe ɗaya zai yi, ɗayan sai wannan ya warke, don kada bangon tsakiya ya lalace. Ni kuwa kin san ni, ban taɓa barin wurin ciniki ba gyara ba. Na lallaɓa shi, na zolaye shi, ya ƙi, ya ƙona gefe ɗaya kawai. Washegari na tafi wani asibitin, na nuna musu ɗaya hancin kawai, suka ƙona.

Jinin ya tsaya cak. Ƙamshi ma ya tsaya. Na koma wurin likitan farko, ya duba, bai yi faɗa ba. Ya ce ciki ya kumbura ya yi ɓawo, wataƙila jin ƙamshin ya dawo, wataƙila a'a, in riƙa shafa man da ya ba ni, in jira.

To ina jira. Kullum ina buɗe shago, in jera kwalabe, in kai hanci bakin kwalba in lumshe ido in ce masha Allah. Fuskar mai saye nake karantawa. Ba wanda ya gane, ko matata. Na zaci zan yi kuka ko in ji haushi, amma ba na jin komai. Ina nan dai kamar kwalbar da aka wanke.

Turaren nan haɗin Baba ya ƙare a shago, kuma kin san bai taɓa aunawa ba, da hanci ya koya mana, ni da ke. Jiya na haɗa sabo da ka. Na ɗiga shi a ƙyallen da ke cikin ambulan nan. Ki shinshina, ki faɗa mini gaskiya, kada ki yi mini kara. In ba shi ba ne, zan cire sunan Baba daga kwalbar.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da Gwaggo in kin leƙa ta.

Ƙaninki,
Mai Turare