Koren ɗigo da gonar Malam

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Ni Mero ce ke faɗa, Hajjo matar Hussaini maƙwabcinmu ke rubutawa, tun da ita ta yi yaƙi da jahilci, ni ban yi ba. Ta rantse ba mai ji. In kuma na ji a bakin rijiya, na san inda ya fito.

Autana Zainulabidin ya dawo daga Abuja da jaka biyu da faifan sola. Wai kamfaninsu ya ce kowa ya yi aiki daga gida. Na ce wane irin aiki ne mai bin mutum har ɗakin uwarsa? Ya yi dariya. Ya rame.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ya kafa tebur a zaure, nan ne wai sabis ya fi ƙarfi. Ni kuma tabarmata dama nan take. Na zuba masa ido. Da safe kam yana dannawa kamar kaza a kan tsaba, yana magana da mutanen da ba su nan. Hantsi na ɗagawa shike nan. Sai hamma, sai shayi, sai kallon ƙadangare a katanga. Na ce Zainu, an tashi? Ya ce a'a Inna, sai bayan la'asar. Na ce to me kake yi yanzu? Ya ce ina nan dai.

Ina nan dai. Ana biyan mutum don yana nan dai.

Lahadi, 7 ga Yuli

Buba, yayansa, ya zo daga Funtuwa. Maganar gonar Malam mijina ce, ta hanyar Tsiga. Tun da Malam ya rasu Buba ke sa 'yan ƙodago, bana ya shuka masara ya ce ba shi da ƙarfin noma ta, ciyawa ta fi shukar tsayi. Akwai wani Alhaji mai son a ba shi ita shekara biyar. Na ce ku ba shi, ni me zan yi da gona, gwiwa ta mutu.

Bayan Buba ya tafi na ji Zainu a rumbu yana neman hauyar ubansa.

Laraba, 10 ga Yuli

Yau ya ba ni aiki. Akwai wani ɗan ɗigo kore a jikin kwamfutar. In aka daɗe ba a taɓa ta ba sai ya koma ruwan ɗorawa, su can Abuja su san mutum ya tashi. Sai ya sa min wani abu kamar sabulun wanka a hannu, ya ce Inna ki dinga ɗan motsa shi, ni zan leƙa gona in dawo kafin azahar.

Na zauna ina motsawa. A fuskar abin akwai hoton wani ruwa marar gaɓa, shuɗi, da farin yashi. Ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Mairuwa ba. Ina kallo, hannu na tafiya, sai na ga kamar ruwan na numfashi. Iska ta shigo da ƙanshin ƙasa. Ban san lokacin da ya dawo ba, laka har gwiwa, tafin hannu ya ɗuri ruwa. Ya ci tuwo malmala biyu.

Asabar, 13 ga Yuli

An yi ruwa. Masara ta ji daɗi, in ji shi.

Talata, 16 ga Yuli

Ina motsa sabulun nan na tafi gidan ubana. Mu can wajen Malumfashi aka haife ni, cikin Maguzawa, kafin in musulunta in auri Malam. A gidanmu mace ma noma take. Da safe kowa gandu, gonar gida, har rana ta take tsaka. Daga nan a sake ka, ka tafi gayaunarka, ɗan filin da yake naka kai kaɗai. Tawa gyaɗa nake sawa, kusa da wata tsamiya. Yau na gan ta sarai, har da tururuwan gindinta, da Lami ƙanwata tana waƙa tana jan ƙafa don kada ta iso da wuri.

Na ce wa kaina ai Zainu ma haka ne. Safe na kamfani, sauran nasa.

Sai dai Baba ya san da gayaunar. Shi ya auna min ita da ƙafarsa. Hajjo, rubuta wannan ma, kada ki tsallake.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na tambaye shi, shin aikin da suka ba ka kana gamawa? Ya ce kullum, har na wasu nake tayawa. Na ce to ɗigon fa? Ya ce Inna ba za ki gane ba, kowa haka yake yi, wani ma na'ura ya saya mai motsa masa. Na ce ashe ni ce na'urar. Ya ce ke kin fi araha. Ɗan banza.

Amma ya yi baƙi, ya yi kyau. Tafiyarsa ta koma ta ubansa, da ɗan karkata kafaɗa.

Litinin, 22 ga Yuli

Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina cikin ganin Malam yana tafe a kan farin yashin nan da garma a kafaɗa, ina cewa Malam nan ba a noma, sai abin ya hau ƙara. Na zabura na danna ban san me ba. Sai ga mace a ciki, da ɗankwali da tabarau. Ta yi Turanci, ta gan ni, ta juya Hausa. Ta ce Mama ina wuni, ni ce Suwaiba, shugabar su Zainulabidin, yana kusa?

Na ce yana gona.

Ta ce gona? Na ce ta ubansa, maimai yake yi, noma na biyu. Ta ce to wa ke kan kwamfutar tun safe? Na ce ni.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce Mama kullum ne? Na ce kullum ne, in ba a yi ruwa ba. Ta tambayi lafiyar gwiwata, don ta ga ina dafa ta. Yarinya mai ladabi. Ta ce a gaida gida.

Da ya dawo na faɗa masa kafin ya wanke ƙafa. Ya tsaya da buta a hannu. Ya ce Inna da kin ce na zaga bayi. Na ce da furfurata?

Bai ci abinci ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Ba su kore shi ba. Ta ce aikinsa ba laifi, amma tun da ba a san inda yake ba, farkon wata ya koma ofis. Shi kaɗai cikin su duka.

Yana gaishe ni da safe kamar baƙo. Yau tun asuba yana gona, wai ya ƙarasa maimai kafin ya tafi. Hajjo ta ce in ba shi haƙuri. Haƙurin me? An tambaye ni na faɗa.

Laraba, 31 ga Yuli

Ya tafi. Hussaini ya kai shi tasha a mashin. Zainu ya bar min faifan solar, wai in dinga cajin waya. Ya durƙusa, na ce Allah ya tsare, ya ce amin. Shike nan.

Zauren ya yi faɗi.

Juma'a, 2 ga Agusta

Ya kira da rana tsaka. Na ce ba ka aiki ne? Ya ce na gama tun ɗazu, ina zaune ina kallon bango, sai la'asar za a sake mu. Ya ce masara ta fara bunƙasa? Na ce ni na sani, gwiwa gare ni?

Talata, 6 ga Agusta

Jiya na je gonar. Ba don komai ba, ganyen rama nake nema. Sau uku na zauna a hanya. Masarar ta kai min ƙirji, baƙa-ƙirin don kore, iska na bi ta cikinta tana kaɗa ta kamar ana raɗa. Kunyoyinsa a karkace suke, noman ɗan boko. Amma ba ciyawa ko ɗaya. A can ƙarshe ya bar kunya biyu bai kai ba. Na tsuguna na cire da hannu. Na daɗe.

Buba ya zo da Alhajin nan da yamma. Na ba su ruwa. Na ce gonar tana da mai ita.

To Hajjo, rubuta da kyau. Mijinki Hussaini, Malam ya yi wa ubansa huɗa da shanunsa shekarar da ya kwanta ciwo, ba a taɓa tuna masa ba, yanzu na tuna: ya kawo shanu wannan satin. Buba taki buhu ɗaya ne a kansa, gonar ubansa ce shi ma. Ke kuma ki kira min yarinyar nan Suwaiba, lambarta na jikin takardar da Zainu ya manna a bango. Ba roƙo zan yi ba. Tambayarta zan yi ko su a Abuja ana ba mutum hutun kaka.