Na Biya Kuɗin Ƙofa Don In Gan Ka

Zuwa ga aminina Garba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya yalwata makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba, babu kuma mai karanta maka ita. Amma tun muna samari, duk abin da ya cika mani ciki kai nake faɗa wa a hanyar dawowa daga wasa, kana gaba kana gyara waƙa, ina baya da gangar noma a kafaɗa. Yanzu wa zan faɗa wa?

Mutanen Karakkai suna lafiya. Matarka Hajara ta fita takaba. Ta rame ƙwarai, amma tana tsaye kan 'ya'yanka. Auta Balki ta fara tafiya. Geron da ka shuka kafin ciwon ƙirji ya kwantar da kai, mun taru mun yanke, sai dai bai yi albarka ba, don gonar ba ta sami maimai ba. Inna mahaifiyarka kuwa idanunta sun ƙara rauni.

Ka tuna Alhajin nan mai shagon kaset a Gusau, wanda ya zo gayyar Kwatarkwashi da mai ɗaukar bidiyo? Suka ɗauke mu tun hantsi har manoma suka tashi. Ya ba mu kuɗin goro da yadin shadda, muka yi ta godiya, kai har kirari ka yi masa. A hanya ka yi ta dariya, kana cewa wane mai hankali ne zai zauna kallon ƙauyawa suna zufa a gindin dutse.

Garba, ana kallo.

Watan jiya na shiga Gusau sayen maganin ido na Inna. Ina wucewa ta bayan tasha sai na ji muryarka daga wata rumfar kwano. Na juya. Ashe gidan kallo ne, ga sunanka an rubuta da alli a bakin ƙofa. Na kutsa kai, mai tsaron ƙofa ya tare ni, wai sai na biya. Na ce masa ni ne mai gangar da ake ji, ya dube ni sama da ƙasa ya ce kowa da irin dabararsa. Na biya. Na biya kuɗi don in ga fuskarka.

Ciki cike yake da 'yan kabu-kabu da 'yan dako a kan benci. Ga ka cikin shuɗiyar rigarka, ka ɗaga hannu kana zuga manoma. Da ka waiwayo ka yi mani alamar nan da gira don in sauya kiɗa, wallahi hannuna ya motsa a kan gwiwa. Mutanen da ba su taɓa ganinka ba suna yi maka amshi, babu kalmar da suka ɓata. Wani da ke kusa da ni ya ce wa abokinsa ai wannan mawaƙi ya gama da talauci, yanzu haka gidan bene gare shi. Me zan ce masa? In ce sai da Hajara ta sayar da tasoshinta kafin a yi maka allura? Na ci gaba da kallo har aka gama.

Daga nan shagon Alhaji na nufa. Ya karɓe ni da mutunci, ya yi mani ta'aziyya. A bayansa ga injuna suna ta kwafar kaset, ga hotonka a jere a kanta. Na ce masa ka bar marayu da tsohuwa, ko akwai rabonsu cikin abin da ake samu. Ya ce ciniki ya ƙare tun ranar gayya, an ba mu mun karɓa. Ya ce shi ya biya mai ɗaukar hoto, shi ya sayi fetur. Ya ce shi ma kuka yake yi: masu shaguna a Tsafe su sayi ɗaya su buga tuli, masu gidan kallo su sayi ɗaya su yi ta karɓar kuɗin ƙofa kullum, ko sisi ba ya dawo masa. Ban ce ƙarya yake yi ba. Abin da na gane shi ne, daga mai shago har mai benci kowa yana cin tuwo da muryarka, ban da gidan da muryar ta fito.

Da zan tashi ya sa hannu aljihu ya miƙo mani wani abu, ya ce in kai wa yara sadaka. Sadaka, Garba. Amma na tuna rumbunka, na karɓa. Na roƙe shi kaset ɗaya, ya ba ni.

Akwai wani malamin firamare a Bungudu mai telebijin da bidiyo da ƙaramin janareta. Da ya ji labari ya ce in sayi fetur kawai. Ranar Juma'a bayan la'asar muka kafa kayan a rumfar tsakar gidanka. Matan unguwa suka taru. Hajara tana jin ka ɗauko waƙa ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Inna kuwa ta ce a matso da ita, aka yi ta matsowa har fuskarta ta kusa taɓa gilashi.

Ka san kai ne ɗan farinta, duk rayuwarka ba ta taɓa kama sunanka ba, sai dai ta ce wancan, ko mai waƙar nan. Ranar, da aka nuno fuskarka kusa, ta ɗaga murya gaban kowa ta ce, Garba. Ta sake faɗa. Sannan ta kama gefen mayafinta ta shiga goge gilashin, wai zufa tana shiga maka ido. Malamin ya tashi ya fita waje. Ni ban iya tashi ba.

Kaset ɗin yana wurinta, cikin kwallar da take ajiye kayan sallarta. Ba abin da za ta kunna shi da shi, amma ba ta yarda kowa ya taɓa.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba. Shekarun baya wani mawaƙi daga Tsafe ya neme ni in bi shi yawon birane, har babur ya yi mani alkawari. Na ƙi, ban kuma gaya maka ba don kada ka ce in tafi, na san halinka. Ba abin da ya hana ni sai cewa hannuna bai san numfashin kowa ba in ba naka ba. Ban taɓa ce maka ina ƙaunarka ba, maza ba mu saba ba. Kai ka gane, ko ba ka gane ba?

To ga damina ta kawo jiki. Manoman Magami sun aiko, suna son in yi masu kiɗan gayya da wani sabon mawaƙi. Na so in ƙi, amma dammunan hatsin da za a bayar, rabi gidanka za su shiga. Na amsa. Jibi zan ɗaure ganga in tsaya bayan wani. Idan ya buɗe baki na yi jinkirin shiga, za su ce tsufa ne. Kai kaɗai ka san wanda nake jira.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Naka har abada,
Isiyaku, mai gangarka.